Abin da na tsinta kan ƙananan hotunan nuni

Da muka tattauna yadda ake fitar da ƙaramin hoton nuni daga babban hoto, bakin kowa ya zo ɗaya kan abu guda: kada a tura wa mai kallo babban hoton a bar burauza ta matse shi. Data ce za ta tafi a banza. A rage shi sau ɗaya lokacin da aka ɗora, a ajiye.

An fi daɗewa kan batun ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma ya cancanta. Hoto mai faɗin 6000 da tsawon 4000 ɗigo miliyan 24 ne. Da an buɗe shi zai cinye kusan MB 72, ko da fayil ɗin bai kai MB 10 ba. Goma a lokaci ɗaya, sabar, wato kwamfutar da ke sarrafa hotunan, tana iya durƙusawa. Maganin shi ne a bar hoton, idan nau'in JPEG ne, ya ragu tun wajen buɗewa, zuwa rabi, kwata ko ɗaya bisa takwas. Wannan na cikin dalilan da suka sa libvips, wata manhajar sarrafa hotuna, ke da sauri.

Wanda ya taɓa ganin hoton waya ya fito a kwance, fuskar mutum a karkace, ya san zafin mantawa da bayanan EXIF, wato bayanan da kyamara ke ajiyewa a cikin fayil ɗin hoton, har da yadda ya kamata a juya shi. A juya hoton tukuna, sannan a goge bayanan, domin wani lokacin har wurin da aka ɗauki hoton yana ciki. Ni wannan ya fi damuna.

A kiyaye daidaiton faɗi da tsawo. Umarnin thumbnail na Pillow, wata manhajar sarrafa hotuna, yana yin haka da kansa. Don kyan gani, hanyar rage hoto da ake kira Lanczos aka fi yabawa.