Neman kalma: ƙaramar mesar da Turawa ke kiwo, da aman da ba amai ba

Mai Fassara: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 10 na safe za mu naɗi shirinmu na dabbobi a rediyo, kuma an ba ni hirar wata likitar dabbobi ta Amurka in mayar da ita Hausa. Magana ce kan ƙaramar mesar da suke kira "ball python", wadda suke ajiyewa a akwatin gilashi cikin ɗaki don sha'awa kawai. Na maƙale a wuri biyu. Na ɗaya sunanta. Na biyu, likitar ta raba "regurgitation" da "vomiting", ni kuwa duk amai nake gani. Akwai kuma "impaction", na dai sa cushewar ciki sai in an hana ni. A taimaka, dare na yi.

Hajiyar Zariya: Wa alaikumus salam. Na biyun ai tumbuɗi ne. Jariri ya sha nono ya dawo da shi yadda ya shiga, ba yunƙuri ba komai. Amai kuwa sai ciki ya juya.

Mai Fassara: Madalla Hajiya, wannan ta zauna.

Likitan Dabbobi: Dakata kafin ka rubuta. Ta fuskar siffa Hajiya ta yi daidai, domin ɓeran yakan dawo ɗungum da gashinsa, yawanci cikin kwana ɗaya ko biyu da haɗiya, shi kuwa amai daga can ciki yake fitowa bayan abincin ya fara narkewa. Damuwata abin da kunnen mai sauraro zai ɗauka. Wace uwa ce ke tayar da hankali don tumbuɗi? Wasu ma cewa suke yaro ya ƙoshi ne. A wurin mesa ba haka ba ne. Maciji ba ya samar wa kansa ɗumin jiki, da zafin wurin da yake kwance yake narkar da abinci. Shi ya sa masu kiwon ke riƙe gefe ɗaya na akwatin a wajen digiri 31 zuwa 32, ɗaya gefen kuma 25 zuwa 27. In wurin ya yi sanyi, ɓeran zai fara ruɓewa a cikinta kafin ya narke, dole ta fitar da shi. Haka ma in an ɗauke ta ana wasa da ita kafin awa 48 da ci, ko ɓeran ya fi kaurin tsakiyar jikinta. Kuma in ta yi sau ɗaya, ruwan cikin ya riga ya ƙona mata maƙogwaro, sai an bar ta kwana 10 zuwa 14 ba ci, sannan a gwada ƙaramin ɓera. In ta maimaita a kai kashinta gwaji, ƙila tsutsa ce ko wata ƙwayar cuta. Abin da ke iya kashe dabba ba na so a ba shi sunan da ke sa a yi murmushi.

Hajiyar Zariya: To Likita kawo taka mana.

Likitan Dabbobi: Ni a wurin aiki "ta dawo da abinci" nake cewa.

Baban Nahawu: Wannan jimla ce, ba kalma ba. Amma ku bar batun amai tukuna, sunan dabbar shi ne babba. Na daɗe da ƙirƙirar CURMESA, daga curi da mesa. Gaɓa uku, daɗin faɗa, jam'inta curmesoshi. A sa ta haka.

Malama Uwar Biyu: Baba, curmesa kamar sunan maganin tari. Me ya hana mesa mai gammo?

Baban Nahawu: Kowane maciji yana gammo, 'yata, har kasa da kububuwa. Wannan kuwa in ta tsorata cure jikinta take ta cusa kai a tsakiya, har a iya mirgina ta. Curmesa.

Ɗan Maraɗi: Ku dai mutanen Najeriya duk abin da Ingilishi ya faɗa shi kuka ɗauka wahayi. Mu da munka yi Faransanci "python royal" muka sani, kuma sunanta na kimiyya Python regius, sarautar da ke cikin sunan tun 1802 take, da wani Bature George Shaw ya sa mata Boa regia. Ko a Ingila da yawa da sunan sarautar suke kiran ta, na ƙwallon, wato "ball", na Amurkawa ne. Mesar sarauta, shi ke nan.

Malama Uwar Biyu: Mesar da tsawonta bai cika wuce mita ɗaya da rabi ba ita ce ta sarauta? To uwar mesar da ke haɗiye akuya fa, baiwa ce?

Ɗan Zango: Ni a Kumasi nake. Mesan nan da kuke ta faɗa a kai namu ne fa, ba na Bature ba. Daga Gana da Togo da Benin ake fitar da shi, mafarauta su tono ƙwai a rami, a ƙyanƙyashe a gona, a sa 'ya'yan a jirgi. Yana cikin rukuni na 2 na yarjejeniyar CITES ta cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, sai da takarda. A garin Wida na Benin har ɗakin bauta gare shi. Mu a nan ƙaramin mesa muke cewa, kowa ya gane.

Baban Nahawu: MESAR nan. Ƙaramar mesa. TAMU ce. Mesa mace ce, ɗana. Wanda bai raba namiji da mace ba shi zai raɗa mana suna?

Ɗan Zango: Baba, haka kakanninmu suka bar mana a zango, kuma da shi muke ciniki muke wa'azi. Hausa ba gadon Kano kaɗai ba ne.

Ɗan Maraɗi: Faɗa mishi dai! Kullum sai a nuna muna kamar Hausa daga Ƙofar Mata ta fara.

Baban Nahawu: Ni ban ce Kano ba, na ce ƙa'ida. Ku duba zancen nan tun daga sama: gilashi, digiri, rediyo, mita, awa. Ina Hausar? Mun zama mabarata a harshenmu.

Hajiyar Zariya: Baba, da girmanka, "nahawu" da ke cikin sunanka daga ina ta zo? Da "ƙa'ida"? Larabci in ya shigo baƙo ne mai albarka, Turanci kuma ɓarawo ko?

Baban Nahawu: Wannan tsohon aro ne, ya zama ɗan gida.

Mai Fassara: Jama'a don Allah. Ƙarfe 11 ta wuce. Cushewar cikin fa?

Likitan Dabbobi: Sa toshewar hanji. Mesa lafiyayya takan yi makonni ba ta yi kashi ba, takan ma ƙi ci wata da watanni, wannan ba ciwo ba ne in ba ta rame ba. Toshewa ita ce ta haɗiyi ɓawon itace ko yashin shimfiɗarta tare da ɓeran, ko farin fitsarinta mai kauri ya daskare don ƙarancin ruwa, sai ka ga kumburi kusa da wutsiya. Akan tsoma ta a ruwa mai ɗan ɗumi kamar minti 15, in bai fita ba sai asibiti. In likitar ta yi maganar numfashi, kada ka rubuta tari, maciji ba ya iya tari. Ka ce kumfa a baki da numfashi mai ƙara.

Malama Uwar Biyu: Sauya fata dai muna da saɓa, kada wani ya ƙirƙiro mana wata.

Baban Nahawu: Saɓa ba ta da matsala. Curmesa ma haka.

Mai Fassara: Ga abin da zan karanta. Farkon ambato: "ƙaramar mesa mai dunƙulewa, wadda wasu ke kira mesar sarauta", daga nan sai "mesar" kawai. Na biyu: "tumbuɗin mesa, wato ta dawo da ɓeran ɗungum, kuma a wurinta alamar haɗari ce". Sai toshewar hanji, sai saɓa.

Likitan Dabbobi: Tumbuɗin bai kwanta mini ba har yanzu, amma tunda ka haɗa da haɗari, je ka. Ka dai faɗi cewa digirin na Salshiyos ne, don ita a hirar da ma'aunin Amurka za ta ce 88 zuwa 90.

Baban Nahawu: Kalma huɗu a inda ɗaya ta isa. Na ji. Ni dai a ajina curmesa zan ci gaba da koyarwa.

Ɗan Zango: Namiji ko mace, Baba?