Fijo 504 ta da: yaya ake rage ƙara da zafi a bodi ba tare da an jawo tsatsa ba?

MaiFijo_Agege

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masana. Fijo 504 ce salun, haɗin Kaduna, ta ƙarshen shekarun 1970, ana sabunta ta yanzu. An cire kujeru da kafet da rufin ciki, sai ƙarfe zalla. Damuwar biyu ce, ƙara da zafi. In an hau babban titi ƙasan motar da ƙofofi sai ruri, in kuma an tsaya a gosulo zafi ya riƙa tasowa daga ƙarƙashin dashbod da kan giyabos. Mai kushin ya ce a manna filashban, kwaltar nan ta like rufin kwano, a ko'ina, a ɗora soson katifa a kai. Wani kuma ya ce a fesa kumfar nan mai kumbura a ramukan bodi. Wanne ya dace? Nawa za a saya, kuma daga ina ake farawa? Ba na son abin da zai ɓata asalin motar.

MaiBodi_Ladipo

Wa alaikumus salam. Alhaji, duka biyun ka ajiye su gefe. A Legas ruwa ne ke cin tsohuwar mota. Iska a jiƙe take kusan duk shekara, ga gishirin teku, ga ambaliyar Yuni da Yuli da ke kaiwa ƙofa. Soson katifa yana shan ruwa ya riƙe, sai ya zauna a kan ƙarfe makonni bai bushe ba. Kumfar feshi ta fi muni: tana toshe hanyar da ruwa ke fita, tana iya turo bodi ya kumbura, kuma ranar da mai walda ya kai wuta wurin za ta kama da hayaƙi mai guba. Filashban kuwa kwalta ce, zafi na narkar da ita, ta yi wari, ta zame daga duk inda yake a tsaye.

Tunda motar a tuɓe take, fara da neman inda ruwa ke shiga. Mutum ɗaya ya zauna ciki da tocila, wani ya riƙa zuba ruwa da tiyo daga ƙasa yana hawa sama a hankali, minti biyar a kowane wuri. Ka sa ido a kusurwoyin robar gilashin gaba da na baya, magudanar da ke gaban gilashi inda ganye ke taruwa, robar but, da bayan fitilun baya. In akwai esi, duba bututun da ke fitar da ruwansa, sau da yawa shi ke jiƙa wajen ƙafar fasinja.

Sai tsohuwar kwaltar kamfani da ke ƙasan motar. Inda take manne daram, ba tsagewa, ka bar ta, tana aikinta. Inda ta tsage ko ta ɗago, tsatsa na ƙarƙashi. A ɗumama ta da na'urar hura iska mai zafi, a kankare da ƙarfe mai faɗi, a goge ragowar da kananzir, sannan a bi da sifirit don kananzir yana barin maiƙo. Kada a sa mata injin gurza. Wasu tsofaffin motoci an haɗa irin wannan shafe da asbestos, ƙurarsa kuma tana lalata huhu, don haka a sa takunkumi ko da kankara ake yi.

Duk inda sukundireba ta huda, a yanke a yi waldar sabon ƙarfe, ba a cike da foti ba. A gama duk walda kafin a manna komai. Tsatsar sama-sama a goge ta da burushin waya da samfefa, a shafa maganin tsatsa mai asid ɗin fosforik, amma a share ragowarsa tas kamar yadda aka rubuta a gwangwani, domin fentin efoksi ba ya kama kan asid. Shafi biyu na efoksi, a like gaɓoɓin walda da silanta, a bari aƙalla kwana 2. A damina ka ƙara masa lokaci.

Injiniya_IdiAraba

MaiBodi ya gama maganar shiri. Ni zan ɗora daga nan. Abin da ke rikita mutane shi ne aiki uku ne daban, kowanne da kayansa: hana ƙarfe rawa, tare zafi, da tare ƙarar da ke ratsowa daga waje.

Na farko shi ne aikin butil, wato shimfiɗar roba mai manne wa ƙarfe, mai bayan alminiyam, kauri milimita 2. Shi ba ya tare ƙara, kuma ba ya wani tare zafi. Abin da yake yi, in faranti ya fara karkarwa, robar da ke tsakanin ƙarfe da alminiyam tana shanye motsin. Saboda haka ba a buƙatar lulluɓe mota da shi. Kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari na kowane faranti ya isa, a tsakiyar inda yake shimfiɗe. Wurin da kamfani ya yi wa lanƙwasa ko haƙarƙari dama ba ya rawa sosai, manna masa asarar kuɗi ne. Ƙwanƙwasa da yatsa: inda ya amsa ƙwal-ƙwal ka manna, in ya koma dum ka wuce gaba.

Ga mota girman 504, murabba'in mita 4 zuwa 5 zai wadatar. Kamar ɗaya a ƙofofi huɗu, ɗaya da rabi a ƙasa da bangon da ya raba inji da ɗaki, sauran a rufi, ƙasan but da cikin madigadin baya. Nauyinsa kusan kilo 15 ne. Mai lulluɓe ko'ina zai ɗora wa motar ninki biyu ko uku na wannan, bambancin da kunne zai ji kuma kaɗan ne.

A kula wajen saye, ko a kasuwar Ladipo ko a ta Trade Fair, domin ana sayar da kwalta da sunan butil, kuma daga waje duk alminiyam ne. Ɓare takardar bayan ka shinshina. Kwalta tana warin titi, tana baƙanta yatsa, in ta sha rana ta yi lagwaf. Butil ba shi da wari sosai, in ka ja shi yana miƙewa kamar cingam. In mai shago ya yarda, ɗauki guntu ka ɗora kan bonet a rana na awa ɗaya kafin ka biya.

Wajen mannawa, a yanka gunduwa-gunduwa kamar santimita 15 da 25, a goge fenti da sifirit, a danna da rola daga tsakiya zuwa baki har zanen da ke jikin alminiyam ya kwanta. Duk kumfar iska da aka bari a ƙarƙashi, raɓa za ta taru a wurin. Sa safar hannu, bakin alminiyam yana yanka. Kada a rufe ramin noti, wayoyi, lambar shasi, ko robobin da ake cirewa a ƙasa don zubar da ruwa.

Na biyu, a kan butil sai soso mai rufaffen ƙwaya, irin baƙin nan da masu esi ke naɗe bututu da shi, amma na shimfiɗa. Milimita 6 a ƙasa, 10 a bangon inji da kan giyabos. Shi ba ya shan ruwa, kuma shi ne mai tare zafi. Gwajinsa mai sauƙi ne, tsoma guntu a ruwa ka matse, in ruwa ya fito ba shi ba ne. Wannan kam ana rufe wuri duka da shi, ba rabi ba.

Na uku ita ce roba mai nauyi da ake kira MLV, kauri milimita 3, kusan kilo 5 a murabba'in mita. Ita ke tare rurin taya da na inji. Dole ta zauna a kan soso, kada ta taɓa ƙarfe kai tsaye, kuma a haɗe gaɓoɓinta da tef ba tare da giɓi ba. Murabba'in mita 3 zai rufe daga bangon inji zuwa ƙarƙashin kujerar baya. A ƙasan mota kada a sa wa soson da robar gam. A yanka su da fatun na kwali, a shimfiɗa kawai, kafet da kujeru su danne. Ranar da ruwa ya shiga, a ɗaga a shanya.

MaiFijo_Agege

Allah ya saka da alheri. To rufi da ƙofofi fa? Nan ne mai kushin ya fi nacewa sai an cika soso. Kuma shimfiɗar algarara da ta zo da motar, a mayar ko a zubar?

MaiKushin_Mile12

Ranka ya daɗe, rufi wurin zafi ne, ba wurin nauyi ba. Kwanon rufi mai duhun fenti yana iya wuce digiri 70 da tsakar rana, duk abin da ke rataye a ƙarƙashinsa kuma gam ne kaɗai ke riƙe da shi. Don haka butil kaɗan, gunduwa ɗaya ko biyu tsakanin kowane ƙarfen giciye, sai soso milimita 6 zuwa 10. Ka auna tazarar da ke tsakanin kwano da rufin ciki tukuna, in soson ya yi kauri zai turo yadin ya yi tudu. Gam ɗin masu takalmi ba zai yi ba, yana sakewa a zafi. A nemi wanda aka rubuta yana jure digiri 90 ko fiye, a shafa gefe biyu, a jira ya daina kama yatsa, sannan a haɗa. MLV kada ta hau rufi sam.

Cikin ƙofa kuwa wuri ne da aka ƙera don ruwa ya shiga ya fita. Yana bin gilashi ya sauka, ya fice ta ƙananan ramukan da ke gindi. Tura waya ka buɗe su. Butil gunduwa uku ko huɗu a bayan farantin waje, a bar santimita 5 daga gindi. Soso ba ya shiga nan ko kaɗan. Bayan haka a mayar da ledar da ke tsakanin ƙofa da kwalinta, a kama ta da igiyar butil, a zura bakinta na ƙasa cikin ƙofa yadda ruwa zai koma ciki. Rashin wannan ledar shi ke ruɓar da kwalin ƙofa. Kafin a rufe, a hau da gilashi a sauke, a gwada makulli, sannan a fesa kakin hana tsatsa a gindin ƙofa da cikin dokin ƙofa. Kakin ya zo bayan butil, in ya riga shi ba abin da zai manne.

Algarara kada a mayar da ita, shan ruwa take yi. Amma ka ajiye ta, ita ce fatun ɗinka na yankan sabon soso, kuma mai neman mota a asalinta zai so ganinta.

Bakanike_Sabo

Ni a ganina Injiniya ya yi saurin kai Alhaji ga MLV. Tana da tsada, ba kullum ake samunta ba, kuma ba ta da amfani matuƙar akwai rami a buɗe. A motar da ta haura shekara arba'in, robobin bangon inji inda wayoyi da kebul ɗin totur da na sifidomita ke ratsawa duk sun bushe sun faɗi. Sa fitila a ɗakin inji da dare, ka leƙa ƙarƙashin dashbod. Duk inda haske ya fito, nan ƙara da zafi da hayaƙi ke shigowa. Haka robar gindin sandar giya, da robobin ƙofa, da layin da gilashi ke gudu a ciki.

Zafin kan giyabos yawanci na salansa ne. A yi masa garkuwar alminiyam daga ƙarƙashi, a ɗaure da noti, a bar tazarar iska kamar milimita 15 tsakaninta da bodi, wata tazarar kuma tsakaninta da bututun. Kada a manna soso ko butil ta wajen salansa. A duba robobin da ke rataye salansar da mawuntin ɗin inji da na giyabos, domin in sun mutu ƙarfe na taɓa ƙarfe, rurin yana bin bodi kai tsaye, ba shimfiɗar da za ta kashe shi.

A gyara waɗannan, a sa butil da soso, a mayar da kujeru a gwada ta a kan gadar Third Mainland. In rurin taya bai kwanta ba, tunda shimfiɗar ƙasa ba gam aka sa mata ba, ɗaga kafet a ƙara MLV aikin yini ɗaya ne.