Me za mu kira "touchdown" da Hausa? Ni dai na tsaya a kan "sha"

'Yan'uwa masu rubuta labarin wasanni, akwai kalmar da ke hana mu sakat duk sanda za a ba da labarin zari-rugar jami'o'in Amurka, wato touchdown. Wasan kansa ya samu suna, zari-ruga ta zauna a bakin mutane. Amma abin da ake zarar ƙwallon a ruga dominsa har yau ba mu raɗa masa suna ba. Mu gwada kalmomin da wasunku suka kawo a kan kakar Jami'ar Michigan ta 2023, tunda wasa 15 suka buga suka cinye duka.

Ga yadda abin yake. Tsawon fili yadi 100 ne, a kowane ƙarshe kuma akwai ƙarin wuri na yadi 10. Kowane ɓangare mutum 11. Duk wanda ya kutsa da ƙwallo cikin wannan wuri na ƙarshen abokan karawa, ko ya cafe ta a ciki, ƙungiyarsa ta samu maki 6.

Masu cewa a rubuta "ci" a huta, ku dubi wasan ƙarshe. Ranar 8 ga Janairun 2024 a Houston, Michigan ta doke Washington da 34 da 13. Wanda ya saba da Firimiya zai zaci ƙwallo 34 aka zura. Alhali sau 4 suka shiga wancan wuri, maki 24 ke nan. Bayan kowace shiga akwai bugun ƙari mai maki ɗaya, ga 4. Sai bugu biyu daga nesa zuwa tsakanin sanduna, kowanne maki 3, ga 6. Duka ukun ci ne. In muka ba guda ɗaya sunan, sauran biyun fa?

Allah gafarta Malam, na ga shawararka ta "taɓa ƙasa" ko "direwa", kuma ta bi kalmar sau da ƙafa. Matsalar ita ce Turancin ma ya daina faɗin abin da ke faruwa. Sunan gado ne daga zari-rugar Ingila, inda har gobe sai an danna ƙwallo a ƙasa kafin a ƙirga. A ta Amurka, da zarar hancin ƙwallon ya kai saitin layi tana hannun mai ita, alƙali ya ɗaga hannuwansa biyu sama, magana ta ƙare, ko da ɗan wasan a sama yake bai sauka ba. Babu dalilin da za mu ɗauko musu tsohon kaya da su ma suna kawai ya rage.

To ni ga tawa. Duk wanda ya yi langa ya san wasan nan tun kafin ya gan shi a waya. Akwai ruwa, akwai masu kare shi suna ture duk wanda ya nufo, akwai wurin sha. In ruwa ya kuɓuce ya isa, sai ihu ya tashi: ya sha! Abin da ake yi a filin Michigan mai cin mutum sama da 107,000 ke nan, sai dai su da ƙafa biyu suke gudu, da hular kwano a ka. Saboda haka touchdown sha ne, yadi goman nan na ƙarshe kuma wurin sha.

Ku gwada ta a wasan Rose Bowl, wato wasan kusa da na ƙarshe, na 1 ga Janairun 2024. An tashi kunnen doki da Alabama, aka shiga ƙarin lokaci. Aka miƙa wa Blake Corum na Michigan ƙwallo saura yadi 17. Gajere ne, amma kamar an dasa shi. Ya karkace wa na farko, wani ya rarumo shi ya murje, ya juya ya faɗa ciki. Corum ya sha. Da Alabama ta karɓa, dama ta ƙarshe saura yadi 3, ɗan wasanta Jalen Milroe ya sa kai ta tsakiya aka taru aka danne shi, bai sha ba. Aka tashi 27 da 20. Kwana kaɗan bayan nan Nick Saban ya ajiye aikin horar da Alabama. Ku maimaita labarin da "ya taɓa ƙasa" ku ji yadda zai mutu a baki, tunda Milroe ma ai ya taɓa ƙasar, har da mutane a kansa.

Kuma babu ƙungiyar da kalmar ta dace da ita kamar wannan. A gidan Penn State, washegarin ranar da aka dakatar da kocin Michigan Jim Harbaugh kan zargin leƙen alamomin abokan karawa, mataimakinsa Sherrone Moore ya riƙe ƙungiyar, suka yi ta gudu da ƙwallo sau 32 a jere har wasa ya ƙare 24 da 15. Ture da kutse zalla. 

Ƙanena da ya ce "sha" a bakin 'yan ƙwallo na wanda aka doke ne, kamar sun sha kashi, sun sha da ƙyar: haka ne, amma can kullum akwai abin da ke biye da shi. "Ya sha" tsurarsa, yaro ma ya san nasara ce.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na Hajiya, kuma da gaskiyarta. In aka rubuta "Corum ya yi sha biyu", kowa 12 zai karanta. "Sha huɗu" kuwa 14 ce a kunnen kowane Bahaushe. Wannan rami ne na gaske, musamman a rediyo inda ba a ganin alƙaluma. Maganinsa ƙa'ida ɗaya: kada lamba ta manne wa kalmar, a sa "sau" a tsakani. Ya sha sau biyu. Corum ya sha da gudu sau 27 a kakar. In suna ake so a ce yawan shansa. Ranki ya daɗe, in hakan bai warware ba a faɗa.

Ga yadda labarin wasan ƙarshen zai fito: "Donovan Edwards ya sha sau biyu tun a zangon farko, ɗaya daga yadi 41, ɗaya daga yadi 46. Corum ya ƙara sau biyu a zangon ƙarshe. Washington sau ɗaya ta taka wurin sha, da jifar Michael Penix. Michigan ta ɗauki kofin ƙasa karon farko tun 1997."

Saura bugun nan mai maki 3. An kawo "bugun sanduna" da "bugun uku". Na fi karkata ga na farko, don bugun ƙarin ma tsakanin sandunan yake bi, sai mu raba su da babba da ƙarami. Masu "bugun uku" ku kawo hujjarku.