Neman kalma: me za mu kira airsoft mai aiki da gas?

Mai Shirin Kimiyya: Salamu alaikum jama'a. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan naɗi shiri, kuma akwai ɓangare a kan bindigar nan airsoft, musamman mai aiki da gas, amfaninta da matsalolinta. A Japan aka faro ta wajen shekarun 1970, inda doka ta tsananta wa farar hula mallakar bindiga. 'Yan ƙwallayen roba take harbawa masu faɗin milimita 6. Na rubuta "bindigar wasa" amma raina bai kwanta ba. A taimaka.

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Bindigar wasa ai ta yara ce da ake saya musu da Sallah. Ka ce bindigar iska.

Ɗalibi a Ingila: Baba, bindigar iska ta riga ta zama sunan mai harsashin darma da ake harbin tsuntsaye. Wannan daban ce, ina buga wasan a nan. A cikin gidan harsashin ake ɗura gas ɗin, ko dai furofen (wani nau'in gas ɗin girki) da aka gauraya da man silikon, ko ɗan kwanson CO2 mai giram 12. Daɗinta shi ne kana jan kunama kanta zai ja baya ya dawo, ka ji ta doki hannunka kamar ta gaske, kuma babu ruwanka da cajin batir. Amma fa sanyi na kashe mata ƙarfi. Ko ba sanyi, in ka yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa gidan harsashin zai ɗau sanyi, harbin ya koma lagwani. Ƙaramar ta hannu ƙwallo 25 ko kusa da haka take ci, alhali mai batir akwai gidan da ke cin 300. Ga tsadar gidan harsashin, ga robar bakinsa in ta bushe sai yoyo.

Hajiya Edita: Ko me za ka ce, ƙanena, kada ka ce "bindigar gas" kai tsaye. Mai sauraro barkonon tsohuwa zai kawo a ransa. "Harsashin roba" ma ka kiyaye shi, na 'yan kwantar da tarzoma ne.

Baban Khalifa: To bindigar ƙwaya?

Hajiya Edita: Alhaji, so kake a ɗauka shirin yaƙi da shaye-shaye ne?

Malam Nahawu: Duk kun kauce hanya. Me ya kawo "gas" cikin zancen Hausa? Abin nan furzo ƙwallo yake yi, saboda haka sunansa FURZAU, a ma'aunin gagarau. Kalma ɗaya tilo, ba jan wutsiya. Mai gas furzau mai tururi, mai batir furzau mai lantarki.

Ɗalibi a Ingila: Allah gafarta Malam, tururi kuma? Ai ba tafasa ruwa ake yi a ciki ba.

Malam Nahawu: Yaro, zaman Ingila bai ba ka lasisin gyara mini Hausa ba. Ku ne kuke cika mana harshe da aro har ya zama gwanjo.

Ɗan Damagaram: Malam, ita kanta bindiga daga Larabci aka aro ta, kuma yanzu kai ma ka ce lasisi. Mu nan gaz muke cewa, kowace uwar gida ta san shi.

Malam Nahawu: Aron da ya kwana ɗaruruwan shekaru ba ɗaya yake da na jiya ba. Kuma da Daidaitacciyar Hausa ake shirin rediyo.

Ɗan Damagaram: Wato Kananci ke nan. Kullum sai an nuna muna mu 'yan rakiya ne.

Hajiya Edita: Don Allah a bar wannan, bawan Allah na da naɗi gobe.

Mai Shirin Kimiyya: Na gode Hajiya. Malam, furzau ta yi daɗin faɗi, sai dai in na faɗe ta sai na ɓata minti guda ina bayaninta, kuma ba ta nuna kamar da abin ke yi da bindigar gaske. Wannan kamar ce babbar matsalar da nake son jan kunne a kai.

Ɗalibi a Ingila: Gaskiya ne Yaya. A nan tun dokar 2006 ba a sayar wa kowa mai kamar ta gaske sai da hujja, sauran mutane mai fenti mai haske ake ba su. A Amurka kuma launin ruwan lemo ake sa wa bakinta. Ka ƙara da cewa ba a wasan sai da tabarau na kariya, kuma ba a barin gwangwanin gas cikin mota a rana.

Hajiya Edita: Tunda haka ne ka ce "kwaikwayon bindiga mai harba ƙwallon roba" a farko, ka ambaci airsoft sau ɗaya, daga nan sai "mai aiki da gas" da "mai batir".

Mai Shirin Kimiyya: Ta yi tsawo, amma da ita zan shiga gobe.

Malam Nahawu: Wannan ai bayani ne, ba suna ba. Ka yi amfani da shi tunda lokaci ya ƙure maka, ni dai furzau na rubuta a littafina.

Ɗan Damagaram: Mai gaz ko mai tururi, Malam?