Neman kalma: Tirta Gangga fada ce ko lambu, kuma yaya za a kira ruwanta?

'Yar Tudun Wada:
Salamu alaikum malamai. Ranar Alhamis da safe za a naɗi shirina na rediyo kan ziyarar da na kai tsibirin Bali na ƙasar Indunusiya, kuma kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya. Wurin sunansa Tirta Gangga, a gabashin tsibirin, kusa da garin Amlapura. Sarkin Karangasem na ƙarshe, Anak Agung Anglurah Ketut Karangasem, shi ya fara gina shi a 1946. Takardun 'yan yawon buɗe ido suna ce masa "water palace", ruwan kuma "holy water". Abin da na gani da idona: tafkuna ne da aka gina da gaɓa, ruwan garau kuma da sanyi, an jera duwatsu masu faɗi a tsakiya ana taka su ɗaya bayan ɗaya, manyan kifaye ja da ruwan ɗorawa suna bin ƙafar mutum saboda sun saba a watsa musu abinci. A tsakiya akwai wani gini mai hawa 11 da ruwa ke kwararowa daga samansa. Gonakin shinkafa sun kewaye wurin. Na rubuta "fadar ruwa" amma zuciyata ba ta kwanta ba. A taimaka.

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Gara da ba ta kwanta ba. Ki ce "fadar ruwa" a rediyo, mutumin Argungu zai ɗauka fadar Sarkin Ruwa kike nufi, wata tsohuwa kuma ta ce aljanun ruwa ne. Kada kuma ki ce "gidan ruwa", don can ake zuwa biyan kuɗin famfo. Tambaya ɗaya: sarkin yana zaman fadanci a wurin?

'Yar Tudun Wada:
A'a Malam. Gidan sarautar yana cikin Amlapura, Puri Agung Karangasem ake ce masa. Wannan wurin hutawa ne da wanka. Har yau akwai tafkin da ake biya a shiga a yi iyo.

Malamin Hausa:
To ba fada ba ce. Fada inda ake zaman gaisuwa da shari'a ce. Su kansu mutanen ƙasar "taman" suke cewa, wato lambu. Ki ce "lambun shaƙatawar sarki".

Ɗan Damagaram:
Lambu fa? Mai sauraro zai hango albasa da latas da jigo. Mu nan garka muke cewa, ita ma ta kayan miya ce. Ni ina ganin "dausayi" ya fi. Wuri mai ruwa da kore da inuwa, shi ne dausayi.

Maƙerin Kalma:
Duk kuna kewaye-kewaye. Abu sabo, kalma sabuwa. Hausa tana da ma'aunin sunan wuri: maƙera, marina, majema, mahauta, masaƙa. Don me ba za mu ce MARUWATA ba? Wurin da aka ƙawata da ruwa. Maruwatar Sarkin Karangasem. Ku faɗa da baki ku ji yadda ta zauna. Gobe in za a yi maganar Taman Ujung, ɗaya wurin na wannan masarauta da ke bakin teku, sai a ce maruwatu biyu, an huta da dogon bayani.

Malamin Hausa:
Allah ya ƙara basira, amma duk misalanka daga aikatau suka fito: ƙera, rina, jeme, saƙa. Ina aikatau ɗin "ruwata"? Sannan kunne zai ji "maruwaita", masu ruwaito hadisi. A rediyo ba a ganin rubutu.

Maƙerin Kalma:
Masallaci fa, Malam? Daga salla aka samo sallata, aka yi masallaci. Abin da kakanni suka yi mu ma muna iya yi. Matsalarmu tsoro. Kowace kalma da muke taƙama da ita yau, akwai ranar da wani ya fara furta ta aka yi masa dariya. Ni na riga na sa maruwata a darasin da nake koyarwa, yara sun karɓa.

Ɗan Damagaram:
Yara za su karɓi duk abin da mai ba da maki ya faɗa. Ni abin da ke damuna, in kalma ta fito daga Kano sai a ce daidaitacciya, in ta fito daga Damagaram ko Maraɗi ko Sakkwato sai a ce karin harshe. Dausayi tana nan da ranta, an tsallake ta ana ƙera wata.

Maƙerin Kalma:
Ni ban ce don ni Bakano ne ba.

Ɗan Damagaram:
Ba sai ka faɗa ba, yallaɓai. Mun daɗe muna gani.

Hajiyar Fassara:
Ku yi haƙuri, ƙanwarmu tana da ranar Alhamis a gabanta. Kuma kun bar babbar matsalar, wato ruwan. Shekaruna da yawa ina fassara, kalmar tsarki ta sha ba ni wahala. In ta ce "ruwan tsarki", kowa ya san buta za a hango. In ta ce "ruwa mai tsarki", wanda ya yi karatun fiƙihu zai fahimci ruwan da ya halatta a yi alwala da shi, mai tsarki mai tsarkakewa, alhali ba wannan ake nufi ba. Tirta a wajen mabiya Hindu na Bali ruwa ne da ake amfani da shi a ibada, ana yayyafa wa masu bauta, ana kurɓa, ana shafawa a ka. Kalmar daga Sanskirit take, tsohon harshen Indiya, Gangga kuma kogin Ganga ne na Indiya. Saboda matsayin ruwan nan har ana kiran addinin Bali da Agama Tirta, addinin ruwa ke nan. Ruwan wannan wuri daga idon ruwa yake ɓuɓɓugowa, kuma ana ɗibarsa don bukukuwan wuraren bautarsu. Kalmar da za a zaɓa sai ta ɗauki wannan nauyin.

Abu Fatima:
Ai ba wahala. Ruwan tsafi. A kira abu da sunansa. Musulma ba za ta hau rediyo ta ce ruwan masu gumaka mai tsarki ne ba.

Hajiyar Fassara:
Ɗana, aikin mai fassara ya isar da abin da masu abu suke nufi, ba ya yanke musu hukunci ba. Tsafi a kunnen Bahaushe boka ne da baƙin zakara da cutar da wani. Abin da ƙanwarmu ta gani ba shi ba ne. Kuma ba ta ce ta yarda da shi ba.

'Yar Tudun Wada:
Haka ne Hajiya. Da sassafe na ga wata dattijuwa ta zo da 'yan ƙananan faifai da aka saƙa da ganyen kwakwa, kowanne an zuba furanni kala-kala, ta ajiye ɗaya a gindin wani mutum-mutumi, ta kunna turaren tsinke, ta tsaya shiru. Masu ɗaukar hoto na ta wucewa ko kallonsu ba ta yi ba. Ba addinina ba ne, na yi sallata a masauki na fito. Amma ba zan iya kiran matar nan matsafiya a gaban dubban mutane ba, ban ga haka ba.

Ɗan Wusasa:
In sa baki kaɗan. Mu Kiristoci Hausawa "mai tsarki" muke cewa: Littafi Mai Tsarki, Ruhu Mai Tsarki. To kalmar ta daɗe tana ɗaukar wannan ma'anar, ba ta alwala kaɗai ba ce. Ki ƙara "a wajensu" kawai, magana ta fita.

Abu Fatima:
Da "a wajensu" zan iya haƙura. Ba tare da ita ba, a'a.

Maƙerin Kalma:
To ruwan mai tsarki a wajensu yana cikin me? Cikin maruwata. Kun ga dai dole a dawo gare ta.

Malamin Hausa:
Ba dole ba ne. 'Yar Tudun Wada, ga yadda zan faɗa da ni ne. Ki bar sunan yadda yake, Tirta Gangga, kamar yadda ba mu fassara Taj Mahal. Karon farko ki ce "dausayin shaƙatawa da Sarkin Karangasem ya gina a kan wani idon ruwa da mabiya Hindu na Bali ke ɗauka mai tsarki ne". Daga nan sai ki riƙa cewa "dausayin". Na janye lambu, Ɗan Damagaram ya fi ni gaskiya.

Hajiyar Fassara:
Dausayi tana ɗan tsaya mini, don mun saba jin ta a "dausayin Aljanna", kuma Allah ke yin dausayi, wannan kuwa da hannu aka gina shi. Har sau biyu ma, tunda aman wutar dutsen Agung na 1963, wanda ya kashe fiye da mutum 1,000, ya lalata wurin aka sake gyara shi. Amma ban da wadda ta fi ta a yanzu. Ki tabbata kin faɗi "ya gina".

Ɗan Damagaram:
Na gode Malam. A rubuta cewa yau an karɓi kalma daga arewacin iyaka.

Maƙerin Kalma:
Dausayi ta kowa ce, ba ta Damagaram ba. Ni dai ban sauka daga maruwata ba, kuma zan ci gaba da koyar da ita. Kalma sama da ashirin kuka jera a inda ɗaya ta isa.

'Yar Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na ɗauki jimlar Malam da gyaran Hajiya. Saura ginin nan mai hawa 11 da ruwa ke zubowa daga kansa. Na sa "marmaro", sai abokin aikina ya ce marmaro daga ƙasa yake fitowa, wannan kuwa daga sama yake sauka. Wa yake da wata kafin daren Laraba?