Gafiya ta addabi rumbuna a Kwami: harsashi marar ƙara ko wata dabara?

Manomi, Kwami: Assalamu alaikum, dattawan wannan zaure. Tun bayan girbi gafiya da ɓeraye suka sa rumbun masarata a gaba, har sun haƙa rami ta ƙarƙashin ɗakin da nake ajiye wake. Makon jiya na yi kwanton gafiyar da bindigar toka da tsakar dare, na harba, ita ta tsira, amma kafin in koma ɗaki 'yan sintiri sun cika ƙofar gida da tocila, maƙwabta kuma sun tashi da salati suna zaton ɓarayin shanu ne. Yarona ya ce a Amurka manoma suna ɗura harsashinsu da kansu yadda zai fita ba ƙara. Shin akwai wanda ya san gaskiyar wannan, kuma zai yiwu a nan?

Malamin kimiyya, Kumo: Wa alaikumus salam, Malam. Yaronka ya ji abin da yake akwai, sai dai bai ji shi duka ba. Ƙarar bindiga iri biyu ce da suke zuwa kusan tare: akwai fashewar iskar albarushi a bakin bindiga, akwai kuma tsawar da harsashi yake yi idan gudunsa ya wuce na sauti. Sauti yana cin mita 343 a daƙiƙa ɗaya idan zafin gari yana maki 20, ya kai kimanin mita 355 a maki 40 irin na watan Afrilu a Gombe. Abin da Amurkawa suke yi shi ne su sa harsashi mai nauyi ya tafi ƙasa da wannan gudun, sai tsawar ta biyu ta ɓace. Ta farkon kuwa tana nan daram, sai an ɗaura wa bakin bindiga na'urar rage ƙara, wadda ko a can Amurka doka ta sa mata ido tun 1934. Saboda haka maƙwabtanka za su farka ko da wane harsashi ka harba.

Tsohon soja, Tudun Wada: Ɗan'uwa, bari in yi maka magana a matsayin wanda ya yi shekaru yana kwana da bindiga. Ka cire maganar ɗura harsashi daga ranka gaba ɗaya. Dokar makamai ta Nijeriya, wadda asalinta na 1959 ne, ta hana kowa ƙera ko harhaɗa bindiga da harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da hukuma ta amince da ita, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Mutumin da aka samu da kwanson harsashi da albarushi da kayan ɗuri a ɗakinsa a wannan zamani, ba wanda zai tsaya sauraron labarin gafiya daga bakinsa. Ko bindigar tokar da ke hannunka tana buƙatar lasisi daga Kwamishinan 'Yan Sanda, bindigar iska ma, da mutane suke ɗauka abin wasan yara ce, dokar ta sa ta cikin masu neman lasisi.

Ban da doka, aikin kansa yana cin mai shi. Harsashin da aka rage wa ƙarfi yakan maƙale a cikin bututun bindiga, mutum bai sani ba ya sake harba wani a kansa, bindigar ta tsage a hannunsa. Wanda ya fita kuma, da yake yana da nauyi kuma ba ya tarwatsewa, idan ya bugi dutse ko daɓen siminti sai ya yi tsalle ya nufi inda ba a aike shi ba. A gidan da yara suke kwana a tsakar gida lokacin zafi, wannan ba abin gwaji ba ne.

Manomi, Kwami: Ranka ya daɗe, na ji, kuma na ajiye wannan magana. To amma masarar tana ƙarewa, me zan yi?

Malamin gona, Dadin Kowa: Malam, tarko ne maganin gafiya, sai dai yawancin mutane suna ɗana shi da gaggawa. Gafiya da ɓera suna tsoron duk wani sabon abu da suka tarar a hanyarsu, shi ya sa tarkon da aka ɗana yau yakan kwana ba kowa. Ka sa maƙeri ya yi maka keji na waya mai kauri mai ƙofar da take faɗowa, ka ajiye shi jikin bango inda ka ga kashinsu da sawunsu, domin ba sa ratsa fili, bango suke bi. Dare biyu ko uku na farko ka ɗaure ƙofar a buɗe, ka zuba ƙuli-ƙuli ko busasshen kifi su ci kyauta har su saki jiki, a dare na huɗu ka ɗana. Kada ka wanke kejin da sabulu tsakanin kamu da kamu.

Ramin da ka ambata kuma, ka nemi ɗaya bakin nasa, don gafiya ba ta yin gida mai ƙofa ɗaya. Bayan ka kama ta ka cusa fasassun kwalabe da tsakuwa, ka shafe da siminti. Idan rumbun mai ƙafafu ne, a yanka kwano a naɗa wa kowace ƙafa kamar mazurarin da aka kife, a sare duk reshen da ya taɓa jinka. Waken kuwa ka mayar da shi buhun PICS mai hawa uku, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Purdue saboda wake, ka ɗora a kan katako nesa da bango, ko ka zuba a duro mai murfi. Da yake ƙamshi ba ya fita sosai, ɓera ba ya yawan nufarsa, amma idan ya same shi a ƙasa zai iya huda shi.

Hajiya mai kiwon kaji, Tumfure: Ni abin da zan ƙara, Malam, kada wani ya ba ka shawarar shinkafar ɓera ka karɓa. Shekara biyu da suka wuce na saye ta a kasuwa na zuba a marfin kwalba bayan buhunan abincin kaji, washegari na tarar da kaji bakwai a miƙe, bayan kwana biyu kyanwar gidan ma ta bi su, ashe ta ci ɓeran da ya ci gubar. Ga ɓerayen da suka je suka mutu cikin silin, wari ya hana mu zama falo har sati. Tun daga nan na koma keji, na kuma toshe tagogin ɗakin kajin da raga mai ƙananan idanu, irin wadda fensir ba zai shiga ba.

Ma'aikaciyar jinya, Bauchi: Baba, don Allah duk abin da tarkon ya kama kada a ɗauke shi da hannu tsirara, kada kuma a bar wa yara su gasa. Ƙaramin ɓeran nan mai nonuwa da yawa shi ne yake yaɗa zazzaɓin Lassa ta fitsarinsa da kashinsa, kuma jihar Bauchi tana cikin waɗanda cutar ta fi kamawa a ƙasar nan, tare da Ondo da Edo, musamman a watannin rani. A sa leda a hannu, a binne gawar da zurfi, a yayyafa ruwan bilic kafin a share wurin don kada ƙura ta tashi. Masarar da aka ga kashin ɓera a cikinta a ware ta daga ta tuwo.

Malamin gona, Dadin Kowa: Na manta abu ɗaya, kuma na san wasu za su yi tsaki. Idan mujiya tana sauka a kukar bayan gidanka, ka hana yara jifarta. A gonakin kwakwar manja na Malesiya har akwatuna ake kafa mata ta yi sheƙa, saboda ɓerayen da take kwashewa da dare ba tare da ta tashi kowa daga barci ba. Gafiya babba ta fi ƙarfinta, amma ƙananan ɓerayen abincinta ne.

Manomi, Kwami: Allah ya saka wa kowa da alheri. Gobe zan je wurin maƙeri, bindigar kuma zan bi maganar lasisinta. Mujiyar dai, Malam, sai na fara shawo kan uwargida, domin ita ce take sa yaran jifa.