Zuwa Ɗa'ifa da Hajiya: mu ɗauki motarmu da ɗan jagora ko mu bi bas ɗin ayari?

Maman Walida: Assalamu alaikum jama'ar zaure. In Allah ya yarda ƙarshen watan Maris za mu tafi Umara, ni da maigida da Hajiyarmu. Hajiya ta ce wannan karon tana so ta ga Ɗa'ifa da idonta. Ta haura shekara 70, ga ciwon gwiwa. Masu yi mana biza sun ce suna haɗa bas ɗin ziyara, amma maigida yana ganin gara mu ɗauki mota mu kaɗai da wanda zai zaga da mu. Don Allah waɗanda suka taɓa zuwa, wanne ya fi?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Allah ya kai ku lafiya. Tunda da tsohuwa a tafiyar, maigidanki ya yi gaskiya. Ɗa'ifa ba irin garin da za a sauke ku wuri ɗaya ku gama gani da ƙafa ba ne. Masallacin Ibn Abbas yana tsakiyar gari, Masna inda masallacin Addas yake tana gefe, Hada tana bakin dutse ta wajen Makka, Shafa kuma can sama ta wani ɓangaren. Bas yakan ba ku ɗan lokaci kaɗan a kowane wuri, kafin Hajiya ta sauko daga matakalar bas ta daidaita tsayuwarta har an fara kiran a koma.

Alhaji Tela: Ni bas na bi kuma ban ga abin da na rasa ba. Kuɗin bai kai rabin na ƙaramar mota ba, ga jama'a ana ta salati tare a hanya, ga malami a gaba riƙe da lasifika yana bayani. Ba kowa ke da halin ɗaukar mota shi kaɗai ba, kada a sa mutane su ga kamar ziyarar bas ba ziyara ba ce.

Baban Khalifa: Haka ne Alhaji, babu mai raina ta. Saboda gwiwar Hajiya na faɗa.

Abu Sumayya: Ni a nan Makka nake zaune, bari in ɗan yi bayanin hanya. Hanyoyi biyu ne. Ta Hada ita ce gajera, kimanin kilomita 90, awa ɗaya da rabi in babu cunkoso. Ita ce mai hawan dutse, kwana bayan kwana, daga zafin Makka har ka kai sama da mita 1,800. Ta Sail ta fi tsawo amma hawanta a hankali yake, ita manyan bas-bas suka fi bi, kuma a kanta miƙatin Ƙarnul Manazil yake. Shawarata ku hau ta Hada da safe ku sauko ta Sail, sai ku ga duka biyun. In Hajiya na yin jiri a mota, a ba ta kujerar gaba, kada ta cika ciki kafin a tashi, kuma a ce wa direba ya sassauta a kwanonin. Wani lokaci in hazo ya rufe dutsen ko an yi ruwa mai ƙarfi, jami'an hanya sukan rufe ta Hada gaba ɗaya. Direba zai sani tun da asuba, ku tambaye shi.

Sannan ku bambance direba da ɗan jagora. Akwai 'yan uwanmu Hausawan Makka da yawa masu mota, suna jin Hausa sarai, amma iya tuƙi daban, sanin tarihi daban. Ma'aikatar yawon buɗe ido ta Saudiyya tana ba 'yan jagora lasisi, sai dai yawancinsu Larabci da Turanci suke yi. Abin da mutanenmu suka fi yi shi ne su ɗauki mota mai rajistar haya ta hannun otal, su kuma nemi ɗaya daga cikin ɗalibanmu na Jami'ar Ummul Ƙura ya raka su ranar da ba shi da darasi, a yi masa alheri.

Hajiya Mariama Damagaram: Wannan magana ta Abu Sumayya ku riƙe ta da kyau. Mu direba kawai muka ɗauka. Duk inda ya tsaya sai ya nuna wani gini ya ce nan Annabi (SAW) ya zauna, nan ya jingina. Har ya ce zai kai mu gidan Halimatus Sa'adiyya a Bani Sa'ad in mun ƙara kuɗi. Muka ƙara. Tafiya ce mai nisa kudu da garin, ta cinye mana yammacin gaba ɗaya, muka tarar da kangon duwatsu, ba wanda zai ce maka ga hujja. Muka dawo ana kiran isha'i, kasuwa ma ba mu shiga ba. Maman Walida, 'yata, kada ki yarda a ja Hajiya can.

Malam Ɗanladi: Allah ya saka wa Hajiya Mariama. Masu bincike sun yi saɓani a kan ainihin inda Bani Sa'ad suke zaune a lokacin shayarwar, saboda haka nuna wani kango a ce shi ne gidan, magana ce ta baki kawai.

Amma abin da ya faru a Ɗa'ifa kansa tabbatacce ne, kuma shi ya kamata ɗan jagoranku ya iya ba ku tiryan-tiryan. A shekara ta 10 bayan aiko shi, bayan rasuwar Abu Ɗalib da Nana Khadija, Manzon Allah (SAW) ya hau wannan dutsen tare da Zaidu ɗan Harisa, yana neman ƙabilar Saƙif su karɓi kira. Ya zauna da shugabanninsu 'yan uwa uku, Abdu Yalil da Mas'ud da Habib. Suka ƙi, suka tura masa yara da wawayen gari suna jifansa har ƙafafunsa suka yi jini. Ya fake a gonar inabin Utba da Shaiba 'ya'yan Rabi'a. Su ne suka aiko bawansu Addas da inabi a faranti. Da Annabi (SAW) ya yi bismilla, Addas ya ce mutanen wannan ƙasa ba sa faɗin wannan magana. Aka tambaye shi garinsu, ya ce Ninawa, Annabi (SAW) ya ce garin Yunusa ɗan Matta ke nan, ɗan uwana ne, shi annabi ni ma annabi.

Masallacin Addas da na Ku'u da za a kai ku a Masna, an gina su ne daga baya da ƙarnoni. Ku je ku gani, ku tuna, amma ba a shafa bango ba a ɗebo ƙasa. Abin da na fi so ku lura da shi ma shi ne hanyar. In kuna hawan dutsen nan cikin mota mai sanyaya iska kunnuwanku suna toshewa, ku leƙa ƙasa ku ga tazarar da ke tsakaninku da kwarin da kuka baro. A hanyar komawar Annabi (SAW) ne Mala'ikan duwatsu ya nemi izinin ya haɗe duwatsu biyu a kan mutanen, shi kuwa ya ce yana fatan Allah ya fitar da masu bauta masa shi kaɗai daga tsatsonsu. Hadisin Nana A'isha ne, yana cikin Bukhari da Muslim. Musulmi sun yi wa Ɗa'ifa ƙawanya a shekara ta 8 bayan Hijira, bayan yaƙin Hunaini, bai buɗu ba. A shekara ta 9 da kansu suka aika tawaga Madina suka musulunta, aka rushe gunkinsu Lata.

Maman Walida: Allahu Akbar. Malam, Allah ya ƙara ilimi. Wannan saƙon zan karanta wa Hajiya yau da dare. To kabarin Ibn Abbas fa, ana shiga?

Malam Ɗanladi: Abdullahi ɗan Abbas ya rasu a Ɗa'ifa a shekara ta 68 bayan Hijira. Maƙabartar tana jikin masallacin da ke ɗauke da sunansa, an kewaye ta da katanga, ba a shiga. Ana yin sallama daga waje. A wannan wajen aka binne sahabban da suka yi shahada lokacin ƙawanyar. Ku daidaita tafiyarku sallar azahar ta same ku a can, akwai sashen mata.

Ummu Hanif: Anti, kin ce ƙarshen Maris? Ai kun dace! Lokacin furen wardi ne, daga Maris zuwa Afrilu. Ni sana'ata turare, saboda shi ma na je. Da sassafe ake tsinkarsa tun rana ba ta ɗaga ba, don in ta yi zafi ƙamshin yakan ragu. In kun bar Makka bayan sallar asuba za ku isa Hada daidai ana shigo da buhunan furen gidan tatsa. Na ga yadda suke zazzage shi a ƙasa, tuli guda ruwan hoda, a auna a zuba cikin manyan tukwanen tagulla da ruwa, a rufe a hura wuta a ƙasa. Tururin yana bi ta bututu ya ratsa ruwan sanyi, ya riƙa ɗiga cikin wata babbar kwalba mai siririn wuya. Man yana taruwa a wuyan kwalbar, ɗan kaɗan a saman ruwan, da sirinji suke zuƙe shi. In kin ga yawan furen da ya shiga da ɗan abin da ya fito, ba za ki ƙara mamakin tsadar tola ɗaya, wato 'yar ƙaramar kwalbar man, ba. Duk wanda ya miƙo miki tolar wardin Ɗa'ifa da araha a bakin hanya, haɗi ne. Ruwan wardin kuwa ba shi da tsada, shi za ki saya na tsaraba. Ki sa shi a babbar jaka, ba a ta hannu ba.

Ki ce wa direba ke za ki zaɓi gidan tatsar da za a shiga, ko ɗan jagora ya zaɓa. Wasu direbobin suna da kamasho a shagunan da suke kai mutane.

Baban Khalifa: Birai ma, kada a manta. A hanyar Hada akwai gwaggon biri garke-garke a bakin titi. Kada a sauke gilashi da leda a hannu, fizgewa suke yi.

Alhaji Tela: Su ci salik in sun je. Shinkafa ce da ake dafawa da romo da madara har ta yi laushi kamar fate, a ɗora kaza ko naman rago a kai. Tsohuwa za ta ji daɗinsa, ba ya buƙatar tauna.

Abu Sumayya: Alhaji ya san gari. Rumman da inabi da ɓaure kuwa sai bazara ta yi nisa, a Maris ba lokacinsu ba ne, zuma dai za ku samu a tsohuwar kasuwar da ke kusa da masallacin Ibn Abbas. Shaguna da yawa sukan rufe bayan azahar sai la'asar, ranar Juma'a da safe kuma garin shiru yake, ku zaɓi tsakiyar mako. Fadar Shubra da aka gina a 1905, wadda Sarki Abdul'aziz ya zauna a ciki, a kan hanya take cikin gari. Ba kullum take buɗe ba, ko daga waje ma ta isa kallo saboda tagoginta na katako. A Ɗa'ifa ɗin ma Sarkin ya rasu a 1953. Akwai talafirik, motar nan mai tafiya a rataye a jikin waya, daga Hada zuwa Kar a gindin dutse, sama da kilomita 4. In Hajiya ba ta son tsayi a bar shi. Shafa ma ni da zan cire ta, ta fi sanyi kuma za ta ƙara muku awanni.

Batun ciniki: ku gama shi tun a Makka, a rubuce a WhatsApp. Awa nawa, wurare nawa da sunayensu, da kuɗin jira a ciki ko babu, ta wace hanya za a hau ta wace za a sauko. Kada ku biya duka sai an dawo da ku ƙofar otal. Kowa ya riƙe fasfonsa da takardar biza, akwai shingen bincike a hanyar shigowa Makka. Bizar Umara tana ba da damar zagaya ƙasar tun 2022. Ta Hajji ce ba ta bayarwa, don masu karantawa da niyyar zuwa lokacin Hajji.

Maman Walida: Na gode ƙwarai. Saura tambaya ɗaya, Malam. Tunda za mu wuce miƙati a dawowa, dole sai mun ɗaura harami?

Malam Ɗanladi: In kuna da niyyar wata Umarar, dole ne, ba a wuce miƙati sai da harami. Ta Sail a Ƙarnul Manazil, ta Hada a Wadi Mahram, duka akwai masallaci da wurin wanka. In ba ku da niyya, masauki kawai za ku koma, malamai sun yi saɓani, wasu sun wajabta wasu ba su wajabta ba. Maimaita Umara a shekara ɗaya ma Malikiyya sun karhanta, Shafi'iyya sun so a yawaita. Ku zauna da malaminku tun a gida ku tsayar da abin da za ku bi, kada sai mota ta tsaya a miƙati a fara gardama. Ki kuma duba ƙarfin Hajiya: wuni a mota, sannan ɗawafi da sa'ayi a daren, ba ƙaramin aiki ba ne ga mai ciwon gwiwa. In za a yi, maigida ya tafi da haraminsa a jaka, a duba izini a manhajar Nusuk, a kuma nema mata keke a Harami.

Hajiya Mariama Damagaram: Ki ɗaukar mata rigar sanyi da safa. Kada zafin Makka ya ruɗe ki, da safe a Hada iska ce mai ratsa jiki.

Maman Walida: To Hajiya, in sha Allahu. Abu Sumayya, ko za a samu ɗalibin da kuka yarda da shi? Mun fi son mai haƙuri da tsofaffi, don Hajiya akwai tambaya.

Abu Sumayya: Akwai, har biyu. Ba zan sa lambar kowa a zaure ba, maigidanki ya yi mini magana ta gefe ya turo ranar saukarku. Ya faɗa mini kuma ko za ku zo da keken turawa, don a nemi mota mai babban but.